Lasifika Shida a Gidan Haya

Shekara uku ke nan da na sayi amfilifaya a nan Kumasi, irin wadda ke raba sauti zuwa lasifika biyar da wufa ɗaya, masu shago na ce mata 5.1. Gwanjo ce daga Amurka. Mai sayarwa bai gaya mini wutar 120 take sha ba, alhali ta Ghana 230 ce. Ba don ɗana ya duba rubutun bayanta ba, da tun ranar farko ta ƙone. Dole na ƙara kuɗi na sayi taransifoma mai rage wuta.

Uwargida ta ce, "Alhaji, kuɗin makarantar yara fa?" Na yi gum, don gaskiya ta faɗa.

Wufar ma ba ta yi mini rana ba. Bango ɗaya muke da maƙwabci, a dare na biyu ya zo ya yi sallama, tun daga nan na rage ta. Finafinan Hausa da muke kallo kuwa, lasifikan baya kusan zaman banza suke.

Wadda ta biya kuɗinta ita ce ta tsakiya, mai fito da magana tas. Yarana a nan aka haife su, Asantanci da Turanci sun fi Hausa zama a bakinsu. Yanzu daren Juma'a muna zama tare, autata ta ce, "Baba, tsayar, me ake nufi da kunya?" Sai in tsayar in yi mata bayani.

Ɗan'uwa, in za ka saya, duba wutar tukuna, sannan ka tuna da maƙwabci.