Wane karatu ke ci da mutum a ƙaramin gari?



Duk uban da ya sa ɗansa lakwal, burinsa guda ne. Yana son yaron ya ƙare, ya samu aiki, ya riƙe kansa, ya taimaki gida. To amma ga abin da muke gani a ƙananan garuruwanmu. Yara biyu su tashi unguwa guda, su yi shekaru iri ɗaya bisa benci. Ɗaya ya dawo, kafin wata uku ya samu abin yi. Ɗayan ya shekara biyar zaune a fada yana shan shayi. Sai mu ce sa'a ce. Sa'a tana ciki, babu musu. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba: wane irin karatu kowannensu ya yi?

Mu da yawa mun ɗauka boko abu guda ne. A'a. Boko kamar kasuwa yake, rumfa-rumfa ne. Akwai rumfar likitanci, akwai ta shari'a, akwai ta noma, akwai ta gyaran inji. Kowane yaro rumfa guda yake shiga, ita ake ce wa fanni. In ya fito, abin da ya ɗauko a rumfar shi zai saida. Ni mutumin Tasawa ne. Karatuna ya tsaya a kwaleji, kuma na daɗe ina koyar da manya karatu da rubutu. Ina son mu duba tare, wane kaya ke da mai saye a gari irin namu.

Yadda abin ya sake

A zamanin iyayenmu, babu mai wannan tambaya. Da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ƴan boko ba su da yawa. Gwamnati ke biɗar su. Mai satifika ma yana samun aikin biro. A 1971 aka fara haƙar uraniyom a Arlit, kuɗɗi suka shigo, aka yi gine-gine, aka ɗauki ma'aikata. Kowane fanni ka karanta, kujera tana jiran ka.

A farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi. Bashi ya yi wa ƙasa nauyi. Masu ba da bashi suka ce sai an rage kashe kuɗɗi, sai gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mu da muke kwaleji a waɗannan shekaru ba mu manta ba. Ma'aikata na yin wata da watanni babu albashi, ga yajin aiki na malamai da na ɗalibai. Daga baya aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi, masu ƙaramin albashi.

Can kuma masu karatu sai ƙaruwa suke. Dā mai son jami'ar gwamnati sai ya je Yamai. A 2010 aka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Wannan alheri ne, ɗan talaka ya samu karatu kusa da gida. Amma kowace shekara masu takarda na fitowa, kujerun biro kuwa ba su haihuwa.

Mu ƙidaya kujerun garinmu

Ku ɗauki alli, mu lissafa wuraren da ake biyan albashi a gari irin Tasawa ko Agye ko Mayahi. Akwai ofishin prefe da meri. Akwai lakwal-lakwal da gidan likita. Akwai gidan gona, da na dabbobi, da na gandun daji. Akwai jandarma da gidan shari'a. Akwai masu wuta da masu ruwa, sai asusun ajiya da ƴan porje. Allon bai cika ba, lissafi ya ƙare.

In ka fidda lakwal da likita, sauran wuraren mutum ƙalilan ne a ciki. Wanda ya hau kujera kuma sai ya shekara talatin bai sauka ba. Ga wani abu da ya kamata iyaye su sani. Yawancin waɗannan kujeru ba a garin ake raba su ba. Daga sama ake turo mutum. Ɗan Tasawa in ya ci konkur, yana iya samun kansa a Bilma ko Gigimi, a turo ɗan Gaya ya zauna a namu. Saboda haka ganin biro a ƙofar gidanka bai nuna ɗanka ne zai shige shi ba.

Karatun da gari ke jira

Lakwal da gidan likita su suka fi cin mutane, don kullum ana haihuwa, kullum ana ciwo. Ɗiyar wata ƙanwata ta yi karatun ungozoma a Damagaram. Da ta dawo ba a ɗauke ta nan take ba. Ta yi wajen shekara biyu tana aikin sa kai, ba ta samun komi sai ɗan na sabuni. Uwarta ta yi ta ƙorafi. Yau tana da kwantaragi a wani ƙauye na kusa, kuma mata sun san hannunta. Albashin bai taka kara ya karya ba, yakan yi jinkiri ma. Amma abin da ta karanta shi take yi, kuma babu ranar da ba a neman ta.

Haka malanta take. Mai son koyarwa yakan samu aji, ko da a ƙauye mai nisa ne. Wanda ya iya lissafi ko kimiyya ya fi saurin samu, don su ne suka yi ƙaranci a kwalejojinmu.

Karatun da kasuwa ke jira

Akwai wani kashi da ba ya buƙatar kujera. Ku dubi bakin tasha. Babura nawa ke wucewa a yini? Salula nawa ke cikin aljihun mutane? Ga injin niƙa, ga injin ban ruwa, ga faifan hasken rana bisa rufin shaguna da bakin rijiyoyi. Duk waɗannan suna lalacewa, kuma mai su ba ya iya jira.

Wani yaron unguwarmu bai ci birebe ba. Ubansa ya yi kwana uku ba ya fita don kunya. Daga baya aka kai yaron cibiyar koyon sana'a, ya koyi aikin wutar lantarki. Yanzu in famfon hasken rana ya tsaya a ƙauye, shi ake aiko wa babur. Yana da yara biyu masu koyo a hannunsa. Ba shi da fansho, in ya kwanta ciwo babu mai biyan sa, wannan gaskiya ne. Amma bai taɓa rubuta takardar neman aiki ba.

Karatun noma da na kiwo su ma nan suke, sai dai da sharaɗi. Na san wani da ya yi makarantar aikin gona ta Kollo. Ya jira gwamnati bai samu ba. Ya fara zagaya gonaki yana ba da shawara, kowa ya yi masa godiya, babu wanda ya ba shi ko dala. Sai ya buɗe ɗan shago. Yana saida iri mai saurin nuna, da taki, da buhun nan mai ciki uku da ake ajiye wake ba tare da magani ba. Duk wanda ya saya, sai ya nuna masa yadda ake aiki da shi. Manoman gero da wake da aya suka gane kayansa ba su ba da kunya. Ya ce mini: "Malam, a garinmu ba a sayen magana. Sai ka sa ta cikin buhu." Na daɗe ina tuna wannan zance. Ilimin da za a ci da shi a ƙaramin gari, sai ya shiga cikin abin da mutum zai riƙa da hannu, ko ya gani da ido: buhu, allura, injin da ya tashi.

Karatun da gidansa ke nesa

Kashi na uku shi ya fi sa iyaye hawaye. Shi ne karatun shari'a, da na zaman al'umma, da na labarin ƙasa, da na tattalin arziki, da makamantansu. Karatu ne mai daraja, ƙasa tana buƙatar sa. Amma masu biyan kuɗɗinsa suna Yamai da manyan birane. Haka karatun ma'adinai da na man fetur. Mai shi sai ya nufi Arlit, ko matatar mai ta kusa da Damagaram da aka buɗe a 2011. A Tasawa babu rijiyar mai.

Wani abokina da muka yi kwaleji tare ya wuce har jami'a, ya karanta shari'a. Ubansa ya saida gona guda don wannan karatu. Ya ƙare, ya yi hidimar ƙasa, ya jira konkur. Da zaman Yamai ya gagara sai ya dawo gida, ya kama koyar da Faransanci a kan kwantaragi. Mutane suka riƙa nuna shi da baki, suna cewa ga alƙalin da babu kotu. Wani kuma da ya karanta labarin ƙasa yana kabu-kabu. In porje ta zo ƙidayar gidaje sai ta ɗauke shi wata biyu ko uku, in ta tafi ya koma kan babur.

Shin karatunsu ya faɗi ƙasa banza? Ban yarda ba. Abokin nan nawa shi ya fara gaya wa mutanen unguwa cewa tun 1993 akwai dokar karkara, kuma akwai kwamitin filaye da ake ce wa kofo, inda ake rubuta cinikin gona da jingina da gado. Gidaje da dama sun tsira daga rigima saboda shi. Gari ya amfana ƙwarai. Shi ne dai bai samu abin da ya kai kuɗɗin gonar ubansa ba. Amfanin ilimi daban, abin sawa a tukunya daban. Uba ya kamata ya san wannan tun kafin ya kira mai sayen gona.

Abin da ke hannun iyaye

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓen fanni ba ranar shiga jami'a ake fara shi ba. Bayan birebe hanya take rabuwa. Wasu su tafi lise, wasu makarantun sana'a, kamar lisen fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi. A lise ma akwai haruffa. A ta harsuna ce da tarihi. D ta kimiyya ce, ita ke kai mutum likitanci da aikin gona. C ta lissafi ce. Yaro da yawa yana gudu zuwa A don tsoron lissafi, bai san ya rufe wa kansa ƙofofi ba. Uban kuma bai ji labari ba, sai bayan shekara shida.

Dā kuna iya cewa ba ku san abin da ke cikin takardar ba. Yanzu kun san A, kun san C, kun san D. Ku zaunar da yaro, ku tambaye shi cikin lumana. Wannan karatun, mene ne sunansa da Hausa? Wa ka sani yana ci da shi, kuma a wane gari yake zaune? In gwamnati ba ta ɗauke ka ba, me za ka yi da shi? In bai da amsa, ku je tare wurin mushe ko darakta ku tambaya. Tambaya ba raini ba ce.

In yaron yana da kai, kuma zuciyarsa na kan shari'a ko wani karatu mai nisa, kada a hana shi. Ƙasa ba ta zama babu alƙalai. Amma a gaya masa gaskiya: wannan hanya birni ta nufa, kuma tana da jira. Lokacin hutun damina ya riƙa zuwa gona. Ya laƙanci wata sana'ar hannu, ɗinki ko walda ko gyaran salula, wadda za ta riƙe shi ranar jira. Ɗiya mace ma haka, kada a ce ita aure zai rufa mata asiri. Sannan ina roƙon ku abu guda. In ta kama a saida akuya don karatu, a saida, akuya tana da magaji. Gona kuwa a bar ta. In aikin ya yi jinkiri, a cikinta yaron da ku duka za ku ci.

Ni kaina abin da nake ci da shi ban same shi duka a kwaleji ba. Can da Faransanci aka koya mana. Rubutun Hausa a horon malaman yaƙi da jahilci na ƙware da shi, don na ga a nan ake buƙata ta. Da rani ina aji, da damina ina gona. Ban yi arziki ba, amma ban roƙi kowa ba.

Kada wannan magana ta sa wani ya fidda ɗansa daga lakwal. Mai gyaran famfon nan, da bai iya karatu ba, da bai karanta lambobin da ke jikin inji ba. Mai shagon iri ma da alƙalami yake riƙe bashinsa. Ku sa yara lakwal, maza da mata, kuma ku bi sawun abin da suke karantawa kamar yadda kuke zagaya gona bayan shuka.

Allah ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya ba su abin yi na halal. Amin.