A Karrama Malam Tun Yana Ji da Kunnensa

Ranar 27 ga Nuwamba, 2025, Allah ya yi wa Shehu Ɗahiru Usman Bauchi rasuwa. An haife shi a 1927, wato shekarunsa 98 a lissafin Bature, amma a lissafin Hijira ya haura 100. Sama da shekara 70 ya yi yana tafsirin Alƙur'ani, ya bar makarantu da 'ya'ya da jikoki mahaddata. Mu 'yan Zandam, da yake ƙaramar hukumarmu ta Gwaram ta yi iyaka da Jihar Bauchi, kamar na gida muke kallonsa, kuma da muryarsa a rediyo muka tashi duk watan azumi. Allah ya jiƙansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Shehu ya ga girmamawar da ake yi masa da idonsa. Malamai nawa ne ke samun haka?

A gidanmu akwai wani dattijo, wan kakana ne, kowa Malam yake ce masa. Ba shi da takardar haihuwa. In ka tambaye shi shekarunsa, sai ya ce lokacin da ake ɗibar soja zuwa yaƙin Bama ya riga ya zama saurayi mai gonar kansa. Yaƙin nan ya ƙare a 1945, to ka yi lissafi da kanka. Ko bai cika 100 ba, yana bakin ƙofa.

Da karatun allo ya fara koyarwa a zauren gida. Da aka kawo Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 ya koyi boko, ya dawo yana koya wa magidanta a gindin bishiya bayan la'asar. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka yi wa malamai yawa, sai aka ɗauke shi malamin addini a firamare. Ya yi zamani da En'e ta Kano, ya ga kafa Jihar Kano a 1967, ya ga an canza fam zuwa naira a 1973, ya ga an cire Jigawa a 1991. Gwamnatoci sun yi ta wucewa, shi yana nan da allinsa.

Aikinsa bai tsaya a aji ba. Shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, da ajami ko da boko, shi ke karanta musu amsa. Rabon gado, sulhun ma'aurata, rigimar manomi da makiyayi, duk a zaurensa ake kashe su. Da ƙaninsa ya rasu, ya kwashe marayu ya haɗa da nasa, kwano ɗaya. Mahaifiyata na cikinsu. Dangi sun ce a yi mata aure ta huta, shi kuwa ya kafe sai ta gama firamare tukuna. Ita ta koya mini karatu kafin a sa ni makaranta. Kun ga kenan, wannan difloma da nake bi, daga zauren Malam ta taso.

To yau ina Malam? Yana nan kan buzunsa, ido ya yi rauni, kunne ya fara nauyi. Cikin ɗalibansa akwai injiniyoyi da ma'aikatan asibiti da masu riƙe da muƙamai, amma waɗanda ke leƙo shi ba su cika yatsun hannu ba. Na san halinmu sarai. Ranar da ta Allah ta kasance, motoci za su cika unguwa, a cika Facebook da hotonsa, kowa yana cewa malaminsa ne. Wallahi buhun shinkafar zaman makoki, da yanzu aka kawo shi da ya fi amfani.

'Yan uwa ɗalibai, kusan kowannenmu yana da irin wannan tsoho ko tsohuwa a garinsu: malamin firamare, malamar Islamiyya, ko malamin tsangaya. Ba sai mun yi kuɗi ba. In an yi hutu, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗa masa sunanka da na mahaifinka da abin da kake karantawa. Ki nemi izini ki kunna rikodar wayarki, ki tambaye ta yadda aka buɗe makarantar garinku da waɗanda suka fara shiga. Yawancin wannan tarihi babu shi a rubuce, a kansu kawai yake.

Ƙungiyar ɗalibai kuma ina roƙonta abu guda. A bikin makon ɗalibai muna raba lambar yabo ga 'yan siyasa da masu hannu da shuni. A ware guda ɗaya duk shekara ga tsohon malamin karkara. In ba zai iya zuwa ba, mu yi mota mu kai masa har zaure, a karanta masa da ƙarfi yadda zai ji, ya sa mana albarka.