Waƙa Ɗaya, Muryoyi Biyu

A wannan makon zan kai mu kudancin Amurka, mahaifar kiɗan da ake kira sol na kudu. Salo ne da ya tashi a wajajen 1960, ya ɗauko murya daga waƙoƙin cocin baƙar fata, ya ɗauko kukan zuci daga buluz, labari daga kantiri, sannan daga baya nauyin gangar fonk ya shigo ciki.

Masu sayar da faifai sun daɗe da raba kasuwa gida biyu: kantiri na Turawan karkara, buluz da danginsa na baƙar fata. Dokar wariya kuma ta raba makaranta da gidan abinci da kujerar mota. Sai dai rediyo ba ya tambayar launin mai kunne. Ray Charles ya tashi a Florida yana sauraren shirin Grand Ole Opry na birnin Nashville, kuma a 1962 ya fitar da faifai sukutum na waƙoƙin kantiri, ya kuwa samu kasuwa sosai.

Tun ina karatun difloma nake da ɗabi'ar jera waƙa biyu in ji su a jere, kuma babu jerin da ya kama ni kamar wannan. A 1968 Tammy Wynette, Baturiya, ta rera "Stand By Your Man", waƙar da ke ba mace shawarar haƙuri da miji. A 1970 Candi Staton, baƙar fata, ta sake rera ta a ɗakin ɗaukar sauti na FAME da ke Muscle Shoals a jihar Alabama. A bakin Tammy jita na ja kamar kuka, sai in ji mace tana lallashin kanta. A bakin Candi ganga na dukan ƙirji, muryar da ta horu a coci na tashi, sai in ji wadda ta riga ta sha wuya tana gargaɗin ƙanwarta. Kalmomin kusan ɗaya ne, amma zuciyar da ke bayansu ta sha bamban.

Da na bi tarihinsu sai na ga ashe ruwan rijiya ɗaya suka sha. Dukansu sun tashi a karkarar kudu, dukansu sun tsinci auduga da ƙuruciya. Billy Sherrill, wanda suka rubuta waƙar tare da Tammy, yana cikin waɗanda suka kafa FAME a 1959 tare da Rick Hall, mutumin da ya ɗauki muryar Candi. Makaɗan da suka raka Wilson Pickett a 1966 da Aretha Franklin a 1967 a wannan ɗakin kuwa, yawancinsu samarin Turawa ne 'yan yankin.

Haka abin yake a birnin Memfis na jihar Tenesi. Jim Stewart, ma'aikacin banki mai goga kiɗan kantiri, shi da yayarsa Estelle Axton suka gina kamfanin Stax a wani tsohon gidan silima. Makaɗan gidan, Booker T. & the M.G.'s, biyu baƙaƙe ne biyu Turawa, a garin da zaman su cin abinci wuri ɗaya kan iya jawo fitina. Su suka yi wa Otis Redding kiɗa.

Amma kada daɗin labarin ya rufe mana ido. Kiɗan ya tsallake katanga, katangar kuwa tana nan. Akasarin ɗakunan ɗaukar sautin da kamfanonin a hannun Turawa suke. Otis ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1967 yana da shekara 26. A Afrilun 1968 aka harbe Martin Luther King a masaukin Lorraine, inda mawaƙan Stax suka saba sauka suna tsara waƙa, kuma zumuncin ɗakin bai koma yadda yake ba. A shekarar ce Stewart ya gano cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta mallaka wa kamfanin Atlantic tsofaffin faya-fayensa. A 1975 Stax ya durƙushe.

Shi ya sa idan ina jin waɗannan waƙoƙi nake jin daɗi da ɗaci a haɗe. Talakawa biyu da doka ta raba sun gane juna ta kunne, ko da aljihunsu bai zo ɗaya ba. Duk mai data ya nemi waƙar Tammy da ta Candi a daren nan, ya ji su a jere, sai ya zo ya faɗa mana wacce ta fi taɓa shi. Ni dai Candi ce tawa.