Abin da Na Gani a Japan: Ƙasar da Ta Mayar da Fagen Yaƙi Makaranta

In ka ambaci Japan a tashar Daura ko a kasuwar Mai'aduwa, abin da zai faɗo wa mutane a rai shi ne Toyota da Honda da Suzuki. Ƙarfen ƙasar muka sani, mutanenta kuwa sai labari. Nisanta ya kai a ce lokacin da ladan ke kiran assalatu a Daura, a can rana ta take tsaka, don suna gabanmu da awa 8. Da karatu ya kai ni Tokyo na ga jiragen ƙasa masu gudun walƙiya, na ga benaye da sai ka dafe hula kafin ka hango ƙarshensu. Amma abin da ya fi zama mini a zuciya na same shi ne a wani zaure da babu inji ko ɗaya a cikinsa, sai tabarmi da mutane ƙafa ba takalmi.

Zauren Kodokan

Sunan wurin Kodokan, a unguwar Kasuga. Shi ne uwar makarantun judo, wato kokawar Japanawa, na duniya baki ɗaya. Bene ne mai hawa 8. A hawa na 7 babban zauren yake, an shimfiɗe shi da tabarmi 420, irin tabarmar nan tasu mai kauri da suke kira tatami. Hawa na 8 na 'yan kallo ne, kowa yana iya hawa ya zauna ya leƙo ƙasa.

Kunnena ya riga idona. Tun daga ƙofa na ji wani irin dukan ƙasa ba ƙaƙƙautawa, kamar mata sun haɗu suna daka a gidan biki. Ashe mutane ne ake kayarwa. Da na leƙa sai ga su birjik cikin fararen riguna: ga samari majiya ƙarfi, ga dattawa masu furfura, ga Turawa, ga baƙar fata. Babu kiɗa, babu kirari, babu mai ihu. Mutum zai ɗaga abokinsa ya maka shi da ƙasa, wanda aka maka ya miƙe, ya gyara ɗamara, su sake cafkar juna. In lokaci ya cika su ja da baya, su sunkuyar da kai, kowa ya nemi wani abokin karawa.

Duk wanda ya tashi yana kallon dambe da kokawa bayan kaka ya san abin da faɗuwa take nufi a wurinmu. In aka kashe ka a turmin farko, makaɗi ya juya kalangunsa wajen wani, labarin kuma ya riga ka isa gida. A wannan zaure kuwa na ga mutum yana faɗuwa ba adadi a yamma ɗaya, kuma da murnarsa ya tafi. Wannan ne ya sa na nemi shiga.

Darasin farko

A wani ƙaramin zauren unguwa kusa da masaukina na fara. Malaminmu dattijo ne gajere, ya haura saba'in. Ya ba ni farar riga mai kaurin gaske da farar ɗamara, sannan ya ce in kwanta rigingine. Makonnin farko ban kama kowa ba. Faɗuwa kawai nake koya, abin da suke kira ukemi. Ka manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa. Ka lanƙwasa baya. Daidai lokacin da jikinka zai sauka, ka doki tabarma da tafin hannu da damtse gaba ɗaya, ƙarfin faɗuwar ya bi ta nan ya watse. A fara daga kwance, a koma tsugune, a koma tsaye, sannan a koma mirginawa ta kan kafaɗa. Wannan dukan tabarma shi ne ƙarar da na ji a Kodokan.

Na tambaye shi, "Malam, yaushe za a koya mini kaye?" Ya ce wanda bai iya faɗuwa ba tsoro ne cike da cikinsa, mai tsoro kuwa jikinsa a sandare yake, kuma sandararren jiki ba ya koyon komai.

Ranar da ya yarda ya kama ni, na ga abin mamaki da idona. Hannunsa na dama a wuyan rigata, na hagu a hannun riga, riƙon sakwa-sakwa har ka ce bai riƙe ba. Ya ja ni kaɗan, na tirje. Ya sake ja, na tura. Ina ɗaga ƙafa don in taka, kafin ta sauka, sai tafin ƙafarsa ya share ta gefe. Ban ji ƙarfi ba ko kaɗan, sai ganin rufin ɗaki na yi. Har na sauka bai saki hannun rigata ba, ya ɗan ɗaga ni don kada kaina ya bugu. Sirrin judo ke nan: ka fara raba mutum da daidaiton tsayuwarsa, ka shiga ƙarƙashinsa, sannan ka ƙarasa. Nauyinsa da turinsa su ne za su kai shi ƙasa. Kuma amanar lafiyar wanda ka kayar tana wuyanka.

Akwai shaƙa a judo, akwai murɗe gwiwar hannu. Amma da zarar wanda aka kama ya doki tabarma ko jikin abokinsa sau biyu, an sake shi nan take. In an tashi, ɗalibai ne ke share zaure, babba da yaro. Takalma a bakin ƙofa a jere suke, kowane yana fuskantar waje. A watan Janairu kuma, lokacin da sanyinsu ya ninka hunturunmu, suna da atisayen asuba na musamman. Mutum zai taka tabarma ƙafarsa ta mutu don sanyi, kafin a tashi tururi na fita daga rigarsa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a matsayina na Musulmi, wato gaisuwarsu ta sunkuyawa, musamman wadda ake yi a durƙushe a dafa ƙasa. Na gaya wa malam cewa mu ruku'u da sujada na Allah ne shi kaɗai. Ya saurare ni har na gama, ya ce girmama abokin atisaye ake nema, in yi shi yadda addinina ya yarda. Daga ranar ina ɗan rusunar da kai kawai, ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira. Ranar Juma'a kuma in nufi babban masallacin Tokyo, wanda aka fara ginawa a 1938, aka sake gina shi da fasalin Turkiyya a 2000.

Yadda gado ya kusa salwanta

A ginin Kodokan akwai ɗakin tarihi da ɗakin karatu. A nan na fahimci cewa abin da nake koya saura ƙiris ya mutu.

Har zuwa 1868 mayaƙan samurai ne ke riƙe da Japan. Su ne baraden ƙasar, su ke da ikon rataya takubba biyu. Kowane gidan horo yana da dabarunsa na takobi da mashi da baka da kokawar yaƙi da ake kira jujutsu, kuma a ɓoye ake koyar da su, daga malami sai almajirin da ya amince da shi. A 1868 mulki ya koma hannun sarkin ƙasar, Meiji, aka rungumi zamani gadan-gadan. A 1876 aka hana yawo da takobi. Dare ɗaya malaman yaƙi suka zama ba su da kasuwa. Wasu suka koma ɗori, wasu suka koma wasa a bainar jama'a don neman na tuwo. Matasa suna ganin abin tsohon yayi ne.

A wannan hali wani saurayi ya taso, Jigoro Kano. Sunansa ya zo ɗaya da na birnin Dabo, amma babu wata alaƙa. An haife shi a 1860, ɗan ƙaramin jiki ne da yara ke cin zalinsa a makaranta. Yana karatu a Jami'ar Tokyo ya shiga neman ragowar malaman jujutsu. Ya yi almajiranci wajen Fukuda Hachinosuke, sannan Iso Masatomo, sannan Iikubo Tsunetoshi. Bai tsaya ga haddacewa ba. Ya dinga tambayar dalilin da ya sa kowane kaye yake ci. Ya ware dabarun da ke kisa ko nakasawa, ya hana amfani da su a karawa, ya bar waɗanda mutum zai yi da iyakar ƙarfinsa ba tare da ya illata ɗan'uwansa ba.

A 1882 ya buɗe Kodokan a wani ɗaki na wurin ibadar Eishoji, a kan tabarmi 12 kacal. Ya kawo rajistar ɗalibai, ya kawo matakan girma da baƙar ɗamara, ya tsara dabarun kaye aji-aji a 1895, aka sake gyara su a 1920 suka zama 40 cikin rukuni 5. Ya ɗora komai a kan ginshiƙi biyu: amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa, da kuma amfanar juna. Malamin makaranta ne, don haka ya shigar da judo makarantu. A 1909 ya zama ɗan Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya. Ya rasu a 1938 a cikin jirgin ruwa, a hanyarsa ta komawa gida daga taron kwamitin a Alƙahira.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da ta mamaye ƙasar ta hana koyar da wasannin yaƙi a makarantu na wasu shekaru. Abin da aka rubuta aka tsara ba ya mutuwa da sauƙi, don haka judo ya dawo. A 1964 ya shiga Olamfik a Tokyo. A nan wani ɗan Holan, Anton Geesink, ya doke gwanin Japan Akio Kaminaga a gaban mutanensa. Da 'yan Holan suka yunƙuro za su hau tabarma don murna, Geesink ya ɗaga hannu ya tsayar da su, don ba a gama gaisuwa ba. Har yau Japanawa suna ba da wannan labari da girmamawa. Tun 2012 kuma, wajibi ne kowane ɗalibin ƙaramar sakandare a Japan ya koyi ɗaya daga wasannin yaƙi na gargajiya, irin su judo ko kendo ko sumo.

Hawan dawaki a Fukushima

Ba kokawa kaɗai suka riƙe ba. Na je yankin Soma a lardin Fukushima kallon wani biki da suke kira Soma Nomaoi, wanda suke cewa ya haura shekara dubu. Ɗaruruwan mahaya ne cikin sulke da kwalkwali irin na kakanninsu, kowa da tutar gidansu a ɗaure a baya, ana busa wani babban kwanson teku. Aka yi sukuwa, tutoci na kaɗawa. Sannan aka harba ƙananan tutoci sama, mahaya suka yi ca a tsakiyar fili, kowa na neman cafke ɗaya da bulalarsa kafin ta faɗi. Wannan yanki ne girgizar ƙasa da ambaliyar teku da hatsarin tashar nukiliya suka afka wa a 2011. Duk da haka a wannan shekarar ma sai da suka yi bikin, ko da a taƙaice.

Ina tsaye a wurin zuciyata ta tafi Hawan Sallah da Hawan Magajiya da Sallar Gani. Na tuna 'yan lifidi da 'yan sulke da ƙarar bindigogin gargajiya, na tuna kakaki da algaita. Wallahi kwalliyar dawakinmu ba ta gaza tasu ba.

Abin da ya rage gare mu

Daura ba baƙuwar takobi ba ce. Rijiyar Kusugu tana nan, takobin da ake jingina wa Bayajida yana ajiye a fada. Muna da dambe da hannun mashi da na garkuwa, muna da kokawa da salon kayenta iri-iri, muna da ilimin hawa da sarrafa doki. Bambancinmu da Japan shi ne nasu yana cikin littafi da manhaja da aji, namu kuwa yana cikin kawunan tsofaffi a Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa. Duk tsohon ɗan kokawar da aka kai makwanci, da wasu dabaru aka rufe shi. Yaranmu sun fi sanin sunayen dukan da suke gani a finafinan Sin da Indiya fiye da sunan kaye ɗaya na kakanninsu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun tsara gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, da alƙalai da dokoki, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa, kuma yau in ana gasar ƙasar gaba ɗaya takan koma gindin rediyo da talabijin.

Don haka ina kira ga masarautar Daura a ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, da malaman makarantunmu, da matasanmu masu waya a hannu. A zauna da tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa da barade tun suna raye. A ɗauki hoton kowane kaye, a rubuta sunansa da yadda ake yinsa da yadda ake kauce masa. A fitar da abin da ke illata jiki da abin da ya saɓa wa addini, a bar gwaninta da ladabi. A koya wa yaro faɗuwa lafiya kafin a koya masa kayar da wani, a kuma koya masa ɗaga wanda ya kayar. Jigoro Kano ya fara da ɗaki ɗaya da tabarmi 12. Zauren da ya kai wannan girma akwai shi a kowace unguwa ta Daura, saura wanda zai buɗe ƙofa ya fara.