A Jira Damina Kafin a Sayi Kujera

Mutanen ƙasarmu ta Ringim, ko da yake an san su da son zama wuri guda kusa da gonakinsu da kushewar iyayensu, sun ga ƙaura iri-iri a cikin ɗan zamanin da Allah Ya ara mini, har ya zama da wuya ka sami gidan da ba a taɓa ɗaure kayansa aka ɗora a kan amalanke ko bayan mota ba. Akwai ƙaurar da kogi ke tilastawa, domin kogin Haɗeja da ke ba mu shinkafa da alkama da kifi shi ne kuma, a wasu shekaru, yake ƙetare gaɓarsa ya shigo har tsakar gida, kamar yadda aka gani a daminar 2022. Akwai ta neman abinci, wadda ba ta ƙarewa. Akwai kuma wadda hukuma ta jawo ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da Janar Ibrahim Babangida ya cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka ce wa ma'aikata 'yan asalin wannan yanki kowa ya tattara nasa ya nasa ya nufi Dutse. Ina cikin waɗanda ta ukun ta shafa, kuma daga baya, da lokacin ajiye aiki ya yi, na sake kwasar iyali na dawo gida. Saboda haka in na yi magana a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai ƙawata sabon muhalli, ba labarin ƙanzon kurege nake bayarwa ba.

Dutsen wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. Gari ne na sarauta mai dogon tarihi, ga duwatsu ga dabino, amma ba a gina shi don ɗaukar ma'aikatun jiha ɗungum ba, sai muhalli ya yi wuya ƙwarai, wasu suka riƙa kwana a Kano suna sammako, wasu suka raɓa a Shuwarin da Kiyawa da Birnin Kudu, wanda kuwa ya sami ciki da falo na haya gani yake ya tsinci dami a kala. Ga shi kuma ƙuncin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda aka shigo da shi a 1986, bai saki mutane ba, darajar naira ta zube, albashi ba ya kai ƙarshen wata. A cikin wannan hali ne wani abokin aikina, mutumin kirki, Allah Ya jiƙansa, da ya ji an samar masa gida, tun bai leƙa ɗakunan ba ya garzaya Kano ya ɗauko manyan kujerun kushin bisa sharaɗin biya kaɗan-kaɗan duk wata. Da aka iso, doguwar ta ƙi shiga, sai da aka nemo kafinta ya ɓalle ƙyaure. Da ta shiga ta cinye falon, babu inda mutum zai shimfiɗa darduma ya yi nafila. Da damina ta kama kuwa, kwanon rufi ya yi yoyo daidai kanta, soso ya sha ruwa ya yi wari, alhali bashin bai ko kai rabi ba.

Abin da shekaru suka nuna mini a wannan babi shi ne, kowane gida yana da ɗabi'arsa, kuma ba a saninta ranar tarewa, sai damina da hunturu da bazara sun ratsa shi mutum yana ciki. Damina ce ke nuna inda rufi ke zuba, da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida, da bangon da danshi ke hawa, da kusurwar da gara ke ɓullowa. Tun da yake kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas da tagoginsa su ne ke shan duka, duk kayan da aka jingina musu suna cikin hatsari. Hunturu ya zo ya nuna kafar da ƙura ke shigowa, bazara ta nuna ɗakin da rana ke gasa wa bango da yamma har ba ya kwantuwa sai dare ya raba. Wanda ya yi haƙuri ya zauna da tsofaffin kayansa har waɗannan lokuta suka zagayo, in ya tashi saye zai sayi abin da gidan ya nema, ya ajiye shi inda ya dace. Wanda kuwa ya yi gaggawa don kada 'yan ganin gida su raina shi, sau biyu zai saya.

Ba ina nufin a zauna cikin kango ba ne. Akwai abubuwan da ba sa jira, kuma malaman fiƙihu sun riga sun tsara mana su, tun da suka wajabta wa miji matsuguni da ciyarwa da tufatarwa gwargwadon halinsa, ba su wajabta masa abin da zai burge maƙwabta ba. Sutura ita ce farko. In ƙarfi bai kai a ja katanga ba, a kafa zana ko dangar kara mai kauri yadda mai wucewa ba zai hangi matan gida ba, a killace banɗaki, a rataya labule ko asabari a kowace ƙofa. Yadi kaɗan daga Kantin Kwari, in an kai wa telan unguwa ya kalmashe bakinsa, ya isa labule. Sa'an nan a raba wa yaran da suka tasa makwanci, maza daban mata daban, kamar yadda shari'a ta yi umarni, ko da da labule ne za a raba ɗaki biyu. Bayan sutura sai ruwa: randa mai murfi da moɗa a inuwa, a ɗora ta bisa yashi mai laima, da buta a inda mai alwala zai same ta ba sai ya tambaya ba. Gidan da ya sami waɗannan ya zaunu, ko babu kujera ko ɗaya.

Daga nan sai ƙasan ɗaki, wanda a nan ne nake ganin mun yi asarar wata hikima. A da, in an gama ginin ɗaki, mata ne ke yin gayyar daɓe. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a baje, a yayyafa ruwa, su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, suna dukan ƙasa tare suna waƙa, daga ƙuryar ɗaki suna ja da baya har bakin ƙofa. In ya sha iska, a kawo makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwansa ya yi ja wur, a yayyafa, a sake bi da madaɓi, har daɓen ya yi santsi da ƙyalli da duhun launi, ruwa ba ya ratsa shi da sauri, tsintsiya ba ta tayar masa da ƙura. Ladan aikin tuwo ne da goro, da sanin cewa gobe in an zo naki za a rama miki. Yau siminti ya maye gurbinsa, ba na kuma musun cewa ya fi ƙarko. Amma mai ƙaramin ƙarfi da ya kasa sayen tayil kada ya ɗauka ya tozarta. Siminti da aka goge da kyau, aka shimfiɗa masa leda ko tabarmar kaba mai launi, aka shafe bango da farar ƙasa, ya wadatar, kuma ɗakin ya fi haske da sanyi a kan wanda aka lulluɓe da kafet mai tara ƙura da ƙuma.

Ɗakin mace kuwa, nasihata ga magidanta ita ce su janye hannunsu. Kayan ɗaki nata ne, iyayenta suka yi mata, kuma jeren da namiji ke gani kamar tarkace ajiya ce, domin ranar da larura ta taso, ta ciwo ko ta aurar da 'ya, daga nan ake zare wani abu a kai kasuwa. Kakanninmu ƙorai suke jerawa, fasassu a ɗinke, sababbi a yi musu zane. Da jirgin ƙasa ya ratso ta Ringim a kan hanyarsa daga Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, kuɗin gyaɗa suka shigo hannun talakawa, sai kwalla da tasa da fanteka suka kori ƙwarya, daga baya samira ta zo, tangaran ya biyo, yau ga kuloli da kayan gilashi. Kowane zamani matansa sun rantse nasu ne ƙarshen ado. Da muka dawo gida na ce da uwargidana ko za a rage tsofaffin samirun nan, tun da ɗakin bai kai na da faɗi ba, sai ta ce, "Malam, kai dai sa a kafa mini kanta a bango, sauran ka bar mini." Aka kira kafinta ya kafa katako hawa-hawa, ta wanke su da toka, ta jera manya a ƙasa ƙanana a sama, ta kifa faya-fayai masu launi a tsakani, sai ga ɗaki ya fito, ba a kashe ko kuɗin buhun gero ba.

Kanta a bango tana da wani amfani da ya wuce ado ga wanda ke zaune a ƙasar kogi. Duk abin da ake jin ciwon rasa shi, Alƙur'ani da littattafai da takardun gona da na makarantar yara, a sama ya kamata ya zauna. Saboda wannan dalili ne kuma nake mamakin masu sayen gadaje da kabad na zamani, irin waɗanda ake yi da garin katako da aka matse aka lulluɓe da takarda mai sheƙi, domin ruwa na taɓa ƙafarsu sai su kumbura su wargaje, ba kafintan da zai iya ceto su. Gadon ƙarfen da aka raina, in ruwa ya janye, wanke shi za a yi a shafa masa fenti ya koma aiki; haka abin da aka yi da katako na ainihi.

Wajen saye, kasuwar ƙauye ta fi kanti rahama. Mai zuwa Gujungu ran Lahadi zai sami tabarmi da faya-fayai da tukwane da turmi, musamman da rani, lokacin da masu saƙar kaba suka sami sararin aiki. Wanda ya shiga Kano kuwa, a Ƙofar Ruwa ana samun ƙyamare da tagogi na hannu waɗanda ba abin da ya same su illa tsufa. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne bashi. Adashi ba laifi, domin kuɗinka ne kake tarawa a hannun amintacce, in kwasarka ta zo ka sayi abu guda mai kyau, ka jira zagaye na gaba. Amma a ci bashi, balle mai ruwa, ko a jinginar da gona don a sayi labulen da zai dace da launin kujera, wannan israfi ne tsantsa, kuma na ga gidajen da aka ƙawata ta wannan hanya maigidan yana sulalewa ta ƙofar baya in ya ji sallama. Masu zuwa ganin gida yini guda suke yi, su ci abin da aka dafa, su yi addu'a su watse, mafi yawansu ma ba za su tuna launin bangon ba.

Zaure, in akwai shi, tabarma da buzu da buta sun ishe shi, sai fa tsabta. Abu guda da nake roƙon mai sabon gida kada ya jinkirta shi, ko da ya jinkirta komai, shi ne dashe. Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, ya nemi darbejiya ya kafa ta yamma da ɗakunan kwana, nesa kaɗan da bango saboda saiwa, in da sarari a tsakar gida ya ƙara da zogale da lalle inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Ya kewaye kowanne da tubali ko ƙaya tun ranar farko, domin awakin unguwa ba sa jiran a gama tarewa.