Sakkwato, Garin da Ƙaura ta Gina

Duk ɗalibin da zai rubuta WAEC ya kamata ya san cewa kalmar "move" ta Turanci ba motsi kaɗai take nufi ba. Tana nufin ƙaura ma, wato mutum ya tashi daga wani wuri ya koma wani. Mu da ke karatu a Sakkwato, garin kansa ya ishe mu darasi. Ku biyo mu zagaye.

Mu fara daga Hubbare, kusa da fadar Sarkin Musulmi, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake. A 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, bayan Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'arsa. Irin wannan tashi na jama'a masu yawa, "migrate" ake ce masa. A 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, shi kuma Shehu ya taso daga Sifawa a 1815 ya zauna a nan har rasuwarsa a 1817. A takarda sai ku rubuta: "He moved from Sifawa to Sokoto."

Daga Hubbare sai mu nufi Tsohuwar Kasuwa. Sunanta kaɗai ya nuna an yi sabuwa. Ɗan kasuwar da ya kwashe hajarsa ya koma Babbar Kasuwa, a sanarwarsa "relocate" zai sa, domin ita aka fi amfani da ita idan shago ko ofis ya canja mazauni.

Sai mu haye gulbin Rima mu shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. An kafa ta a 1975, ta fara zama a cikin gari, daga baya ta koma mazauninta na dindindin ta wajen Dundaye. Ita ma ƙaura ta yi.

To, ga inda ake asarar maki. Mun sha jin ana cewa "we have packed to Mabera". Ai "pack" haɗa kaya ne kawai. Wanda ya ɗaure kayansa bai bar gida ba tukuna. Daidai shi ne "we have moved to Mabera". Barin tsohon gida "move out" ne, tarewa a sabo kuma "move in".

Ƙannenmu, ku tambayi kaka daga ina gidanku ya taso kafin ya zo unguwar da kuke. Ku rubuta amsar cikin jimla uku da Turanci, ku kai wa malaminku ya duba.