Gardamar Ɗakinmu a Samaru

A Samaru ta shekarun 1980, ɗalibi kan iya buɗe baki a ɗakin kwana ya ce babu Allah, a yi masa ca, a ce boko ya taɓa masa kai, can da dare kuma a sa hannu a kwano ɗaya da shi. In na faɗa wa yaran yanzu haka, sai su ɗauka ƙarin gishiri nake yi.

Mu uku ne a ɗakin a zangon karatu na 1986 zuwa 1987, a Jami'ar Ahmadu Bello, ban da 'yan raɓe masu shimfiɗa katifa a ƙasa. Ni tarihi nake karantawa, kuma don na yi allo kafin boko suka laƙaba mini Alaramma, ko da yake haddar tawa ba ta taka kara ta karya ba. Na biyu Bahaushe ne Kirista daga Wusasa, ɗalibin haɗa magunguna, muna ce masa Fasto, sunan da ya ƙi jini. Na uku shi ne Kwamared, ɗan wani malamin zaure daga ƙasar Katsina, mai karanta kimiyyar siyasa. Tun da aka janye tallafin abincin ɗalibai a 1984, kowa ya koma ga risho, wake kuwa ba ya nuna da wuri a kan risho. Yawancin gardamarmu a jiran tukunya aka yi ta.

Kan gadon Kwamared cike yake da littattafan Marx da Engels da Lenin, bugun Mosko, masu kwali mai ƙarfi da araha kamar banza, da wani yagaggen kwafin laccar da Bertrand Russell ya yi a 1927 kan dalilinsa na ƙin zama Kirista. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: malaman da ake kira 'yan gurguzu a lokacin, irin su Dokta Bala Usman, ban taɓa jin ɗayansu ya tsaya a aji ya ce babu Allah ba. Faɗansu da masu cin abinci da addini ne. Kwamared shi ya ƙara gaba don kansa, kuma a ɗaki kaɗai. In ya je hutu gida, yana sahun gaba a bayan mahaifinsa.

Da farko ni da Fasto a gefe ɗaya muke. Na zo da abin da aka karantar da ni a zaure daga littafin tauhidin Shehu Sanusi, Ummul Barahin: duniya tana sauyawa, duk mai sauyawa fararre ne, fararre kuwa dole ya kasance da wanda ya farar da shi. Fasto ya aro wa wani abokinsa ɗan Katolika littafi, ya karanto mana hanyoyi biyar na Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, sai muka ga ai kusan rijiya ɗaya muke ɗiba, don shi Aquinas ɗin ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd. Muka yi ta murna.

"To, wa ya yi Allahn?" in ji Kwamared, yana juya wake da cokali.

Na ce Allah ba shi da farko, shi ne ma'anar ƙidamu, in ba haka ba sai a yi ta komawa baya babu iyaka.

"Alaramma, kun kafa doka cewa komai sai da mai yi. Da kuka iso inda kuke so, kuka ɗage dokar. Me ya hana ni in ɗage ta a kan duniya ita kanta?"

Kusan abin da Russell ya ce wa Fada Copleston ke nan a muhawararsu ta rediyon BBC a 1948, kuma amsar da Fasto ya bayar ita ce ta Copleston: dokar ba ta hau kan komai ba, ta hau kan abin da zai iya kasancewa, zai iya rashin kasancewa. Mun maimaita wannan zagaye har 'yan raɓe suka haddace shi. Babu wanda ya kayar da wani.

Tafkin Nyos ne ya sauya zancen. A daren 21 ga Agusta 1986, iska mai shaƙe numfashi ta taso daga ƙasan wannan tafki a arewa maso yammacin Kamaru, ta gangara kwari, ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, da yawansu suna barci. Kwamared ya yanko hoton daga mujalla ya manna a jikin ƙofar kabad: shanun Fulani zube a kan ciyawa, babu rauni ko ɗaya a jikinsu.

"Na yarda, a ce akwai wanda ya fara komai," ya ce. "Hujjarku ta ba ku mai yi. Ina ta ba ku mai jinƙai? Nan babu soja, babu ɗan jari-hujja, ni kaina na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Jarirai ne a bayan iyayensu. Ko dai ya gani ya kasa, ko ya iya ya ƙi."

Na amsa da abin da na yi imani da shi, har gobe kuwa: ajali ba ya jira, duniya gidan jarrabawa ce, akwai ranar da za a cika wa kowa awonsa, kuma bawa ba ya ganin ƙarshen hikimar Ubangijinsa. Na kawo Annabi Ayuba. Kwamared ya ce an mayar wa Ayuba da 'ya'ya, amma na farkon da suka mutu, jarrabawar wa suke ci? Fasto ya yi shiru har na zaci ya bar mini fagen. Can ya ce, a hankali, shi ba shi da dalilin da zai bayar, abin da ya sani shi ne Allahn da yake bauta wa bai tsaya daga nesa yana kallo ba, ya shigo ciki, ya ji yunwa, aka buga masa ƙusa.

Na ce, "A'uzubillahi. Fasto, nan fa ban bi ka ba."

Kwamared ya jingina da bango yana dariya. "Madalla. Ku gama tsakaninku tukuna, sannan ku gaya mini wanne zan ƙaryata."

A daidai lokacin ne kaset ɗin bidiyon Ahmed Deedat ya iso Zariya. A Nuwamba 1986 ya kara da mai wa'azin nan Jimmy Swaggart a Louisiana ta Amurka kan ko Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce, kafin wani lokaci duk inda akwai bidiyo sai ka tarar an yi cincirindo ana kabbara. Na dawo ɗaki da kayan yaƙi: me ya sa littafin Furotesta yake da littattafai 66, na Katolika 73, me ya sa sababbin fassarori suka cire ayar nan ta wasiƙar Yohanna ta fari da ake kafa hujja da ita kan uku cikin ɗaya, ba a taron Nikiya na shekarar 325, a gaban Sarki Constantine, aka yanke cewa Yesu Allah ne ba? Fasto ya kare kansa da misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, Kwamared ya zama alƙali, ya ba ni nasara. Deedat gwanin dandali ne, ba a ƙwace masa wannan. Amma salon nasa na neman tafi ne, kuma wanda ya koyi Kiristanci daga kaset ɗinsa kaɗai zai iya cin gardama bai taɓa jin abin da Kirista yake nufi ba.

Fasto ya gaji, ya ce mu zo gida mu tambayi babansa.

Wusasa tana bayan ganuwar Zazzau, a gindin duwatsu. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya daɗe yana aiki a cikin birni kafin a mai da mishan ɗin can wajen 1929, shi ne kuma ginshiƙin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ginin ƙasa ce irin ta magina Hausawa, da bakan gizo a ciki. Mahaifin Fasto tsohon malamin makaranta ne, ya fito cikin babbar riga da hula, ya ce zuriyarsu ta Isawa ce, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa. Kwamared, mai cewa duƙawa gadon mulkin danniya ne, shi ya fara tuɓe takalmi ya durƙusa. Da la'asar ta yi, ba wanda ya tambaye ni, Inna, mahaifiyar Fasto, ta aiko mini da buta da sabuwar tabarma.

Da ɗansa ya fara zancen ruwa da ƙanƙara, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce wannan misali ko a majami'a kuskure ne, ya ajiye shi. Sai ya juyo gare ni.

"Ɗana, mutum ya yi saɓo, ya tuba tuba na gaskiya. Me ya rage?"

Na ce, "Babu, Baba. Allah ya yafe, shi ke nan."

"To, a nan muka rabu da ku. Ba a lissafin ɗaya da uku ba."

Ya ce a wurinsu zunubi ba laifuffuka ba ne kawai da ake ƙirgawa, ciwo ne da ya kama asalin ɗan Adam tun daga Adamu, wanda ba ya warkar da kansa komai yawan ibadarsa. Don haka sai da fansa. Wanda zai fanshi duniya kuwa, in mutum ne kawai, shi ma yana cikin masu ciwon. In ba mutum ba ne, ba a madadinmu ya tsaya ba. Ya ce Kiristocin farko ba su zauna suna neman yadda za su raba Allah uku ba. Sun fara da gicciye da tashi daga matattu, suna addu'a da sunan Yesu, daga baya tambaya ta matsa musu: wane ne wannan da aka rataye, alhali Allah ɗaya ne? Zancen Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki amsar wannan tambaya ce.

A matsayina na ɗalibin tarihi, dole in ba tsohon nan gaskiyarsa kan Nikiya. Masu wa'azinmu kan nuna Arius, wanda aka kayar a taron, kamar wani mai tauhidi irin namu. Alhali Arius ya yarda an gicciye Yesu, ya yarda ya wanzu kafin a halicci duniya, ta wurinsa aka yi ta. Abin da ya ƙi shi ne a ce Ɗa ba shi da farko kamar Uba. Rigimar cikin gida ce tsakanin mutanen da duk suna kiran Yesu Ubangiji.

Fahimta dai ba yarda ba ce. Na gaya wa Baba, cikin ladabi, cewa a wurinmu Annabi Adamu ya tuba an karɓa, bai bar wa 'ya'yansa bashi ba, kowa kayansa zai ɗauka, kuma Suratun Nisa'i ta kore kisa da gicciyewar gaba ɗaya. Allahn da zai gafarta ba ya bukatar jini kafin ya gafarta. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san ayar, kakansa da ka yake karanta ta.

Kwamared ya kawo Nyos. Baba bai yi masa wa'azi ba. Ya ce shi ma ya binne 'ya'ya, ƙyanda ta ɗauke su a shekara guda, kuma bai san dalili ba, ba zai ƙirƙiro ba. Ya ce a Linjila, Yesu kansa a kan gicciye ya yi kuka yana tambayar me ya sa aka yashe shi, ba a kuma rubuta cewa an amsa masa a ranar ba. "Ba don na ci gardama nake zuwa sujada ba, ɗana."

A motar dawowa Kwamared ya ce tsohon ya fi mu wuyar kamawa, don bai yi da'awar hujja ba. Amma bai sallama ba. Ya ce Allahn da ke kuka tare da kai, ai maƙwabci ma yana yin haka. Shi abin da ya tambaya shi ne me ya hana a tare iskar. Fasto ya ce sai an haɗa da tashin matattu zancen yake cika. Kwamared ya ce to an dawo kan alkawarin gobe, irin na Alaramma.

Ba mu kai ga zagaye na gaba ba. Ranar 6 ga Maris 1987 rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan kan wani wa'azi, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai, cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u masu yawa. Daga benenmu muna hangen hayaƙi. Fasto ya tafi gida, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, 'yan'uwa a masallaci sun riga sun tambaye ni yadda nake cin abinci da shi, shi ma an yi masa irin tambayar a wurin addu'arsu.

Na zaci Kwamared zai ce ga abin da yake faɗa mana ya tabbata. Sai ga shi ya dage cewa wannan ba addini ba ne sam. Rikicin ƙasa ne da sarauta da kasuwa a kudancin Zazzau, da talaucin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya ƙara, da manyan da ke hura wuta daga cikin motocinsu, irin abin da Bala Usman ya tara a littafinsa na wannan shekarar. Fasto ne ya ƙi yarda. Ya ce ya ga fuskokin waɗanda suka zo da fetur, ya san wasunsu, babu wanda ya biya su, sun gaskata abin da suke yi, kamar yadda na Kafanchan suka gaskata nasu.

"Kwamared," ya ce, "kai da ka ce babu Allah, yau kai ne lauyan addini?"

"Ni ba lauyansa ba ne," in ji Kwamared. "Ina cewa ne bai isa ya yi wannan shi kaɗai ba. Tashi ka rufe ƙofar, akwai mutane a baranda."